Goshin Malam Jafaru Hannu-Tas

Duk wanda bai san Malam Jafaru na Sheshe ba, to baƙo ne a cikin badala. Shi ne marubucin wasan kwaikwayo, shi ne mai ba da umarni, shi ne kuma jarumi, don a cewarsa Kano ba ta haifi wanda zai iya faɗar kalamansa yadda ya rubuta su ba. Da kansa ya raɗa wa kansa Garkuwan Ƙuri'a. Mutanen unguwa, da ba sa son wahalar baki, suka taƙaita masa zuwa Hannu-Tas.

Sunan yana da tushe. A gidan rediyo ya ɗauki alkawari, birni na saurare, cewa ranar da hannunsa ya taɓa sisin ɗan siyasa, a tuɓe masa hula a bainar jama'a, ya bar wasa har abada. Tun daga nan, da zarar zaɓe ya ƙarato, sai ya goya hannayensa a baya. Ɗan takara in ya miƙo hannu, gwiwar hannu yake samu. Matarsa Sa'adiyya kan ce da alkawari ana dafa shi, da gidansu ya fi kowane gida ƙoshi.

Bana ya rubuta sabon wasa mai suna "Ƙuri'arka Ba Taliya Ba Ce", aka kafa dandamali a wani fili a Zaitawa. Shi zai fito a matsayin Gaskiya, ba shakka. Ya sa farar riga, ya ɗauko Audu mai kalangu don ya riƙa rakiyar jawabansa. Bayan la'asar ce a tsakiyar bazara, ga zafi, ga jama'a maƙil, gumi kuwa na kwaranya daga goshin nan nasa mai faɗin faranti.

“Ya ku jama'ar birni,” in ji Gaskiya, hannu a goye, “ni ba a saye na, ba a jinginar da ni. Al'ummar da ta sayar da 'yancinta a kan ƙullin taliya, to ta dafa gobenta ta cinye. Ku dube ni da kyau, ku ɗauki darasi.”

Ana cikin dubansa sai ga Alhaji Lawal, mai neman kansila, ya ratso taro da yaransa, ba wanda ya gayyace shi. Kalangun Audu kuwa bai san wasan kwaikwayo ba, babbar riga ya sani. Nan take kiɗa ya juya zuwa kirari. Alhaji ya hau dandamali yana murmushi, ya zaro sababbin takardun kuɗi, ya yi abin da kowane mai mutunci ke yi wa mai wasa: ya fara liƙi.

Ta farko ta zauna daram a goshi. Nan take Malam Jafaru ya tuna alkawarinsa bai ambaci goshi ba. Hannu ya ce. Masu hassada za su ce ba cinya ba, ƙafar baya, amma su ba su karanci adabi ba. Ya ƙara damƙe hannayensa a baya, ya ɗan sunkuyo don kada dattijo ya wahala wajen miƙa.

Goshi ya cika, aka gangaro kumatu, aka rufe ido ɗaya, aka rufe ɗayan. Gaskiya ta makance tana tsaye, amma bakinta na aiki. Ya ja numfashi zai faɗi babban jawabin da ya yi wata yana bita, wanda ke tona asirin masu sayen ƙuri'a, sai Alhaji ya manna masa wata a kan leɓe.

Nan fa ake yin ta. In ya sa hannu ya cire, hula ta tafi, wasa ya tafi. In ya hura ta da baki, za ta faɗi, kuma kowa ya san ƙa'idar fage: abin da ya taɓa ƙasa na makaɗi ne. Yana jin Audu ya matso kusa da ƙafarsa. Haushi ya kama shi, kwaɗayi ya kama shi, ya auna jawabin da takardar a zuci, ya ga jawabi ana iya sake yin sa wata rana.

Ya yi shiru. Shirun ya yi tsawo, har wata tsohuwa ta fara salati. Can sai fili ya kaure da tafi. Jama'a sun ɗauka tsarin wasan ke nan: kuɗi sun rufe wa Gaskiya ido da baki, a gaban kowa, da hannun ɗan takara na gaske. Tunda Malam Jafaru yake wasa ba a taɓa fahimtarsa irin ta ranar ba. Wanda ya fi kowa tafi kuwa Alhaji Lawal ne.

Da taro ya watse, Garkuwan Ƙuri'a ya ƙi hawa adaidaita sahu, saboda iska. A ƙafa ya taka har Sheshe, fuska a sama kamar mai haɓo, yana laluben lungu da kafaɗa, bai amsa gaisuwar kowa ba. A tsakar gida Sa'adiyya ta zaunar da shi a kan turmi, ta ɓare shi ɗaya bayan ɗaya. Ta leɓen ta bari ƙarshe, ta ce ta daɗe ba ta ji gidan ya yi daɗi haka ba.

Washegari ya koma rediyo. “Abin da kuka gani fasaha ce mai zurfi,” in ji shi. “Na ba da fuskata sadaka don al'umma ta farka. Kuma ina ƙalubalantar duk wanda ya ga hannuna ya motsa.”

Ba wanda ya gani, gaskiyarsa ce. Har yau hannun Malam Jafaru tas yake, ba a tuɓe masa hula ba. Ita hular ce dai, duk sanda zaɓe ya ƙarato, take ƙara ja da baya.