Rasuwar Abul Hawa, Injin Iskan Garejin Malama Nuhad

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda na lura maƙwabtan sama ba su taya ni ba, ni Nuhad, tsohuwar malamar kimiyya a makarantar 'yan mata, nake sanar da mutanen layinmu na Abu Samra rasuwar injin iskan garejina, wanda aka fi sani da Abul Hawa, wato Uban Iska. Ya cika ranar Talata da hantsi yana da shekara talatin da ɗaya, a bakin aiki, kujera ta huɗu cikin shida ta sha fenti rabi. Ba zan ce Allah ya ji ƙansa ba. Ƙarfe ne, na san iyakata.

Mai gidana, shi kam Allah ya ji ƙansa, shi ya sayo shi don hura taya, ya hura sau biyu ya manta da shi. Da na ajiye alli na share masa ƙura, muka kama sana'a tare. Daga ranar zuwa yau da wuya a sami tagar katako ko kujera a layin nan da ba mu fesa wa fenti ba.

Marigayin mai wadatar zuci ne. Kowa ya san wutar amfiya goma ce rabonmu daga janaretan Abu Rabi, mai sayar wa unguwa lantarki, in wutar gwamnati ta tafi, kuma tafiyarta ta fi zamanta. A cikin goman nan ya zauna lafiya da firji shekara da shekaru, bai taɓa kayar da makunnin da ke yanke wuta in an wuce kima ba. Muryarsa tuf-tuf-tuf ce, in cikinsa ya cika sai ya rufe da tsssh, kamar dattijo ya sauke kaya. Bai taɓa tambayar taya ta wane gida ce ba.

Game da ciwon ajalinsa an yi ta magana. Sitti Afaf ta hawa na uku ta sauko takanas ta ce, “Malama, wallahi baki ne. Ranar da matar mai burodi ta ce injin nan ba ya tsufa, kunnena bai ji masha Allahu ba.” Na gode mata da bincike. Amma shekara talatin da huɗu ina koyar da cewa akwai ruwa a cikin iska, in ka matse ta sai ta zubar da shi. Akwai ɗan famfo a ƙarƙashin tankin, da ya kamata a buɗe kowace yamma ruwan ya fita. Shekara huɗu ke nan gwiwoyina sun ƙi kai ni ƙasa, ban kuma gaya wa kowa ba. Tsatsa ta ci shi daga ciki har ta huda. Matar mai burodi ba ta da laifi, a daina kallonta a kaikaice.

Ya bar tiyo mai faci uku, bindigar feshi biyu, ɗaya ta toshe saboda alhini, da gwangwanayen fenti da ba wanda zai iya karanta sunan launinsu sai ni. Ya kuma bar gareji, wanda idon ɗana Wajih ya faɗa a kansa tun gawa ba ta huce ba. Wajih yana hawa na biyu da iyalinsa, kuma kowace yamma sai ya zagaya unguwa sau biyar kafin ya sami inda zai ajiye mota.

“Umma,” ya ce da ni, “ke fa kin kai shekarun carbi da baranda. Ki bar wa mota wurin mota.”

Na ce masa carbina ba ya jin tsoron fenti.

“To mu yi haka. In aka samu injin da wutar gidan nan za ta ɗauka, gareji naki. In ba a samu ba, kin ga ba ni na hana ba.”

Na yarda, a gaban Sitti Afaf. Ashe wayo ya shirya mini. Washegari sai ga shi da wani jan ƙato mai ƙarfin doki uku, tankinsa kamar saniyar layya, wai mai shago ya ce shi ake yayi, kuma babba ba ya ba da kunya. Na san abin da zai faru, amma malami ba ya hana ɗalibi gwaji. Ya danna, ƙaton ya ce guuum, makunni ya faɗi, gidan ya yi tsit. Akwatin makunninmu a jikin falwaya yake a bakin titi. Wajih ya hau kujera da kwat ɗinsa ya ɗaga, ya dawo ya danna, guuum. A karo na uku sai ga Abu Rabi a kan babur.

“Ustaz Wajih, masana'anta kuka buɗe ba ku gayyace ni ba? Amfiya goma ce taku, ba ta filin jirgi ba!”

Wajih ya kaɗa makullin motarsa ya ce, “Shi ke nan, Umma, kin gani da idonki.”

Na ce, “Na ga naka, ɗan nan. Cewa ka yi in aka samu. Ba ka ce kai za ka samo ba.”

Na saka bindigar feshi mai rai a jakar hannu, na hau tasi zuwa shagon. Mai shago ya dube ni ya ce, “Hajiya, na jika za a saya?” Sai ya fara jero mini dawakai. Na ce masa ba sukuwa zan yi ba. Tambaya uku na kawo: iska nawa ke fitowa a bakin tiyo cikin minti guda, wuta nawa yake zuƙa a lokacin tashi, kuma ina famfonsa yake. Ta farko sai da ya nemo takarda. Ta uku ya ce ba a taɓa yi masa ita ba. Na sa aka jona bindigata a inji huɗu, na zaɓi wani ɗan ƙarami mai kama da tukunyar dambu, wanda ya ɓoye a bayan shago don kada ya kunyata manya.

An ɗora shi a kan teburi daidai ƙuguna, famfonsa a tafin hannuna, gwiwa ba ruwanta. Na kira Abu Rabi shaida, na kunna injin firji na aiki. Makunni bai motsa ba. Kujera ta huɗu ta gama shan fentinta, 'yan'uwanta biyu suka biyo baya. Wajih ya mayar da saniyarsa inda ya samo ta.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar. Abu Sarkis mai walda ya riga ya raba tankin marigayin gida biyu, ya yi wa ɓangaren da bai huje ba ƙafafu, a cikinsa za a gasa nama. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gareji, a kan kujeru shida, fenti ya bushe, na gwada da siket ɗina. Akwai gahawa mai ɗaci. Wajih ne zai fifita garwashi da kwali, tunda marigayin, mai hura iskar, shi ne yau ke riƙe da wutar.

Masu zuwa da mota a yi haƙuri, babu wuri a ciki, magaji ya tare. A nemi gefen titi. Wanda ya rasa ya tambayi Wajih, ya san kowane lungu.