Bangon Gidan Babana da Jan Layinku

Zuwa ga Mai Girma, Mai Daraja, Babban Shugaban kamfanin da ya ƙera kwamfutar gidanmu, a duk ƙasar da Allah ya ajiye shi.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk masu ɗaure muku ƙusoshi. Ka yi haƙuri ban kira sunanka ba. Okaziyon muka saye ta, wato ta hannu, daga kwantena ta fito a tashar jiragen ruwa, sunan da ke bayanta ya goge saura harafi ɗaya da rabi. Ni ce Hapsatu ta unguwar New Bell a Duwala, mai tuyar fanke. Da yatsa ɗaya nake bugawa, in ka ga harafi ya zame, mai ne a hannuna.

Ga abin da ya kawo ni. Autata Khaulat tana shekarar ƙarshe a jami'a, ranar Litinin za ta miƙa littafin gama karatu, wanda suke ce wa memuwar. Malaminta ya ce dole ta saka wani abin zana taswira a kwamfutar, in ba haka ba sai baɗi. Ta je sakawa, kwamfutarku ta ce babu wuri. To daga nan muka shiga uku. Na jera maka kokena da lamba, an ce manya sun fi gane abu in da lamba.

Na ɗaya. Wane ne ya koya wa kwamfutarku tarbiyya? Ta ja mana jan layi, ta rubuta wai ciki ya cika. Shi ke nan fa, ko sannu babu. Ranka ya daɗe, mu goma sha ɗaya ne a ɗaki biyu da falo. Tun da rikici ya tashi garinmu can bakin iyaka, bayan Mora, ƙanwar maigidana Tasalla ta zo da 'ya'ya huɗu da tukunya ɗaya. Ka taɓa jin na ja mata jan layi? Cewa muka yi kowa ya matsa, aka kwanta a gicciye. A ƙasarku in baƙo ya yi sallama, cewa kuke yi sai an kashe mutum ɗaya kafin ya shigo?

Na biyu. Mun yarda, muka fara gogewa. Finafinan Indiya na Tasalla suka tafi, ƙwallon maigida ya tafi, har da wani wa'azi da muka ajiye sau uku ba mu sani ba. Duk wanda za mu goge sai ta tambaye mu wai mun tabbata? Yo da ba mu tabbata ba, hannunmu zai kai can? Mun gama, muka duba, jan layi yana nan daram. Ashe ba ta zubar ba, wani kwandon shara gare ta a ciki, can take ɓoyewa. Wato an share ɗaki an tura sharar ƙarƙashin gado. In 'yata ce ta yi wannan, na san abin da zan ce mata. Tunda taku ce, sai dai in ce Allah ya ƙara basira. Muka zubar da kwandon, layin ya ɗan ja baya kamar faɗin farce. Bai isa ba.

Na uku, kuma a nan nake son amsa. Na ɗauke ta a bayan bensikin, wato acaɓa, na rungume ta kamar jaririya, har shagon Awalu mai gyara a bakin kasuwar Mboppi. Ya ce sai an yi mata defragmante. Na ce ya faɗa da Hausa. Ya ce wai kayan ciki a warwatse suke, kan abu a gabas, ƙafarsa a yamma, to za a tattara kowane gutsure a kai shi wajen 'yan'uwansa. Na ji daɗi wallahi. Ni da nake shigar da kayan ɗakin amarya cikin buhu uku, na san in an iya shiri wuri yana fitowa.

Muka dawo gida muka kunna. Tun hantsi wasu 'yan akwatuna masu launi suke canza wuri, yara suka zauna kallo kamar tele. Ta kai kashi tamanin da bakwai cikin ɗari, masu wuta suka ɗauke wutarsu. Washegari muka sake daga fari. Da ta gama wajen la'asar, na yi bisimilla na duba. Ranka ya daɗe, ko wurin ajiye allura bai ƙaru ba! Na kira Awalu, wai ai ni ce ban fahimta ba, shiri yake yi, ba ya ƙara wuri, sauri kawai zai ƙara mata. Saurin zuwa ina? Khaulat kuma ta ce ita ta karanta, wai na zamani da kansu suke yi, wasu ma in an yi musu tsufa suke yi da wuri. Maigida ya ce a tofa mata addu'a. To kai da ka haife ta, ana yi ne ko ba a yi? Me zai hana ku rubuta a jikinta, yadda ake rubuta wa maganin tari?

Amma dabarar kam ta burge ni, ba zan ɓoye ba. Mutanen garinmu wasu suna Mora, wasu Yawunde, wasu ko labarinsu babu. In kuna da irin wannan na mutane, ku aiko, ko kwana nawa zai ɗauka za mu jira wutar.

Na huɗu. Kwamfutarku nauyi ta sani, ba ta san daraja ba. Khaulat ta sa ta jera mana kaya daga babba zuwa ƙarami, sai ga abu biyu a sama, kowanne in ya fita wuri ya samu. Ɗaya bidiyon bikin babbar 'yata Zulfa ne, da muka je muka yi a garinmu shekara biyu kafin a watse. Ɗayan kuma, wanda ya fi shi ƙiba, kuskuren Ɓoɓɓo ne.

Ɓoɓɓo shi ne mai kyamarar da muka tafi da shi daga Duwala. Ranar walima aka kira shi cin abinci, ya ɗora kyamara a kan turmi, ya manta bai kashe ba. Awa huɗu tana kallon bango. Da ya zo zuba mana bikin, ya haɗa har da wannan, don ragwanci. Kowa a gidan nan ya ce ga abin gogewa, ai babu komai a ciki. Khaulat ta buɗe don in gani da idona in yarda.

Gaskiyarsu, babu komai. Bangon gidan babana ne na ƙasa, da tsagar nan da yake cewa zai yaɓe bayan damina. Gindin dalbejiya, rabin randa. Kaza ta wuce da 'ya'yanta, ta dawo, ta sake wucewa. Inuwa tana tafiya a hankali. Ba a ganin fuskar kowa, sai ƙafafu da muryoyi. Ana jin guga tana bugun bakin rijiya. Ana jin innata tana faɗa wai wa ya ɗauke mata ludayi, kusan minti ashirin a kan ludayi ɗaya. Can an yi kiran la'asar, muryar ladaninmu mai tari a tsakiya. Tasalla tana tsaye a bayana da tsintsiya, sai ji na yi ta zauna a ƙasa. Ita ta ga abin da ya rage na gidan da idonta kafin ta taho, ba ta taɓa ba ni labari ba, ni ma ban tambaya ba. Muka kalli bango har fankena na yamma ya wuce lokaci.

Kada ka ce me ya hana mu kwashe a kile, ɗan filashin nan da ake soka mata a gefe. Mun gwada guda uku, na maƙwabta ma, kowanne ya ce lomar ta fi bakinsa. Awalu ya ce a sayi wani faifai na waje. Na ce ya fara zuwa ya gaishe da buhun shinkafa a kasuwa, sannan ya dawo mu yi maganar. Faifan bikin da Ɓoɓɓo ya ba mu kuwa, danshin Duwala ya cinye shi tuntuni, shi kansa Ɓoɓɓon ya koma sayar da takalma.

Na biyar. Wannan ba koke ba ne, sanarwa ce. Jiya da safe na goge bikin. Leshi na ruwan goro, rawar da na taka har ɗankwali ya faɗi, kamu, ɗaurin aure, duka. Ta tambaye ni wai na tabbata, karon farko da tambayarta ta yi ma'ana. Na daɗe da yatsa a sama. Sai na tuna auren Zulfa yana nan a unguwar Village da 'ya'ya uku, duk Juma'a yana zuwa ya cinye mini shinkafa. Na danna, na bi shi kwandon shara na zubar da hannuna. Layin ya koma shuɗi, abin taswira ya shiga, Khaulat tana ta zana kwatocin New Bell. Awalu ya ce ramin da bikin ya bari sai an sake defragmante a cike shi. Na ce a bar ramin, kada garin shiri a taɓa mini bango.

Saura magana ɗaya. Zulfa ba ta sani ba. Duk zuwan da za ta yi sai ta kunna wa yaranta su ga uwarsu da lalle, kuma jibi Juma'a. Na yi shawara da Tasalla, mun ga ba wanda ya dace ya ɗauki wannan laifi sai kai. Zan ce kwamfutarku ce ta cinye, garin wannan shiri naku da ba wanda ya san amfaninsa. Za ta zage ku, ba na ɓoye maka, bakinta irin na kakarta ne. Ka daure. Kai kana da nisa, ni kuwa tabarma ɗaya za mu zauna. Kada ka ji tsoron asiri ya tonu don na buga wannan a fili, Zulfa makarantar Faransanci ta yi, ba ta karanta Hausa, kamar dai kai.

Allah ya ja zamaninka, ya buɗa wa kwamfutocinku ciki, ya ba ka haƙurin abin da za ka sha ranar Juma'a.

Taka mai biyayya har ƙasa,

Hapsatu Yelwa (Maman Zulfa)
Mai fanke, New Bell, Duwala