Tayoyin Ƙanƙara a Hanyar Yanbu

Da Yaya Sale ya rasu, Allah ya jiƙansa, motar janwensa ta dawo hannuna. Da ita ake ciyar da marayunsa. Shi ya san taya, ni tuƙi kawai na iya.

Da sanyi ya gabato, na ga bidiyon manyan motoci suna keta ƙanƙara a Turai, na yi odar irin tayoyinsu. Adam, mutumin Chadi mai faci a unguwar Al-Sih ta Madina, ya latsa robar ya dube ni.

"Ya akhi, ƙanƙarar Madina ai a firij take."

Na ce, "Ɗaura kawai, na yi bincike."

A hanyar Yanbu, ina janye da motar wani likita, rana ta take duk da lokacin sanyi ne, kwalta ta ɗau zafi, tayar baya ta fashe kamar bindiga. Ban gama salati ba ta biyu ta bi ta. Likitan ya kasa rufe baki. Janwe aka kira ya ja janwe, abin da bai taɓa faruwa a hannun Yaya ba.

Matar Yaya, wadda ba a ji dariyarta ba tun takaba, ranar ta yi har da hawaye. Har yau in ta miƙo mini ruwa sai ta ce, "Baturen Madina, a sa ƙanƙara?"