Rasuwar Takalmin Hagu na Madam Orpha

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafa ɗaya cikin safa, Madam Orpha Dunleavy ta Hollywood tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar takalmin rawarta na hagu, wanda ya riga mu gidan gaskiya ranar Talata da hantsi, a bakin aiki, yana da shekara goma sha ɗaya.

Marigayin ya taka rawa a finafinan waƙa arba'in da uku, ba a taɓa ganin fuskarsa ko a ɗaya ba. Aikinsa ke nan. Jaruma za ta gama juyinta gaban kyamara ta tafi cin abinci, sai a shigar da Madam Orpha ɗakin ɗaukar sauti, ta hau allon katako, idonta a kan majigi, marigayin ya yi ta buga ƙarfen dunduniyarsa, yana ba da ƙwas-ƙwas ɗin da duniya za ta tafa wa wata. Bai taɓa ƙorafi ba, ko ranar da aka sa shi ya zama ƙafafun sojojin ruwa goma sha biyu da doki ɗaya.

Aibinsa guda ne, kuma ba a ɓoye wa mamaci gaskiya: wata ƙusa mai girgiɗi a dunduniya, wadda ke ƙara "ƙiris" bayan kowane taku. Mista Pruitt mai ɗaukar sauti ya sha cire abin kunnensa yana cewa, "Orpha, don girman Allah ki kai tsohon nan gyara, zai kurmantar da ni!" Ita kuwa takan ce, "Kunnenka ne, ba nawa ba. Naɗa mu tafi."

Tana da dalili. Ɗanta ɗaya tilo, Wendell, yana jirgin yaƙi a teku shekara biyu ke nan, ya bar ta da ciwon zuciya. A jirgin ana haska musu fim a jikin zanin gado. Ya rubuto cewa, "Mama, 'ina lafiya' kowa ya iya rubutawa. Ni sai na ji ƙiris ɗin nan a fim nake yarda kina tsaye da ƙafarki."

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Tafin marigayin ya tsage ana tsakiyar rawar da za a rufe fim da ita, ya yi "faf", ya yi shiru. An garzaya da shi wurin Ruggiero mai gyaran takalma, ya juya shi, ya cire hula ya ce, "Madam, ni ɗinki na iya, ban iya tayar da matattu ba."

Ya rasu ya bar abokin tagwaitakarsa na dama, wanda ke zaman makoki ƙarƙashin gado, da igiya ɗaya, da jarumai tara da ba su san sun yi rashi ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma, gindin lemon bayan gida. Ƙarfen dunduniya za a miƙa wa masu tara ƙarafa don yaƙi. Ba a buƙatar furanni. Mai ragowar takardar izinin sayen takalmi ya zo da ita.

Ƙusar kaɗai ba za a binne ba. Za a kafa ta a dunduniyar takalmin da zai gaje shi kafin aikin Litinin. An sanar da Mista Pruitt dalili, sai ya ce a sassauta ta sosai, don injin jirgi yana da ƙara.