Shuɗin Hayaƙi da Bijimin Bappa

Ba zan taɓa mantawa da hutun da na kusa sa Bappana ya rabu da bijiminsa ba, duk saboda shuɗin hayaƙi.

Ina shekara ta biyu a karatun injiniya na dawo gida Gwandu. Ni ba mai surutu ba ne (ko gaisuwa sai na shirya ta a zuci), amma komai na gani sai na rubuta a wani ɗan littafi mai jan bango. Bappa na da tsohuwar a-kori-kura mai shan gas, da ita yake kai albasa kasuwa. Batirinta ya daɗe da sanyi, don haka a gangaren bayan gida take kwana, hanci ƙasa, da safe a sake ta ta gangara ta tashi.

Ranar Litinin na buɗe bonet don in gwada ilimina. Na zaro tsinken gwajin baƙin mai, na ga man bai kai layi ba. Na sayo na ƙara, ban gaya wa kowa ba (so nake a gano alherina daga baya). Talata ma haka. Laraba da safe motar na tashi sai ta tuttuɗo shuɗin hayaƙi, har kaji suka watse. Da ta yi zafi, hayaƙin ya ɗauke.

Na koma kan littattafaina. Shuɗin hayaƙi, in ji su, alamar inji na ƙona baƙin mai ce. To, injin da ke cin mai ai ƙara masa ake yi! Na ci gaba da ɗura wa motar kullum tun kafin ta nema, hayaƙi kuma na ƙaruwa, ni kuma ina rubutawa. Da mako ya cika na tara ƙarfin hali na ce, “Bappa, ringin fistin ne ya cinye. Sai an sauke inji.”

Ya kalle ni ya ce, “To, kai ka yi boko.” Albasa ba ta isa cira ba, abin da ke hannu sai bijimin da ya shekara uku yana kiwo. Muka ɗora shi a bayan motar muka nufi Kalgo, da niyyar mu biya garejin Mamman, bakaniken Bappa, daga nan a nemi mai saye.

Abin da ban tuna ba, kafin mu isa inji ya yi zafi. Mamman ya taka totur, salansa tas.

“Ina hayaƙin?”

“Da safe yake zuwa,” na ce a hankali.

Wani direba da ke zaune a benci ya ce, “Ashe ma’aikaci ne, safe kaɗai yake leƙa ofis.”

Don in kare kaina na miƙa wa Mamman littafina. Ya soke shi a hammata, ya zaro tsinken. A shimfiɗaɗɗen filin garejin nan, mai ya wuce layi ya kusa kai hannun tsinken.

“Malam, sa kake kiwo ko mota? Wa ya ɗura mata mai haka?”

Bappa ya ce shi tun damina bai taɓa ba. Sai Mamman ya buɗe littafin, ya gyara murya, ya karanta wa duk garejin: “Litinin, na ƙara gwangwani ɗaya. Talata, ɗaya da rabi. Laraba, hayaƙi ya fara, ba a san dalili ba.” (Har layi biyu na ja a ƙarƙashin wannan.)

“Injiniya, a ina kake gwada man?”

“Inda take kwana.”

“Bisa gangare,” in ji Bappa, kamar mai sanar da rasuwa.

Direban nan sai da ya sauko daga benci don dariya. Mamman ya tsiyaye rarar man, ya wanke bututun iska, ya ce a gangare mai gefe guda yake taruwa, tsinke ya nuna kamar ya ragu, kuma man da ya yi yawa ne ke hawa can ya kwana, da safe inji ya ƙone shi. Ringi lafiyarsa lau.

Da za mu koma na kama ƙofar gaba, Bappa ya ce, “A’a. Koma baya ka riƙe ma bijimin igiya, ka ba shi haƙuri.” Daga Kalgo har Gwandu bijimin nan na huci a ƙeyata.

Tun ranar, a fili nake gwada mai. In kuma inji ya canza hali, kafin in tuhumi fistin sai in fara duba abin da ni na yi masa ranar Litinin.