Ranar da Ordinatar Ta Tona Mini Asiri

Shekaru sun ja, mai yiwuwa na cakuɗa wasu abubuwa, amma ina kyautata zaton shekarar farin nan ce da gero ya yi tsada a Damagaram.

Na gama jami'a, ina jin kaina masani, sai na haɗa ordinatata, wato kwamfutata, da ta matata Rabi da tsohuwar ordinatar da ke falo, yadda saƙonni da lambobin mutane da kalanda za su zama ɗaya. Sau uku na gwada. Na gaya wa Rabi, cikin tawali'u, cewa kuskure zai yi wuya.

Gwaggo ce ta raine ni, tsohuwar malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Droum. Ba ta ganin hatsi ta bar maƙwabtanta da yunwa. Don haka na rubuta wa kaina tuni a asirce: "Alhamis Gwaggo za ta zo. A ɓoye buhun gero."

Ran Alhamis tana falo tana kallon hotunan jikokinta a tsohuwar ordinatar, sai ta yi ƙara, tunin nawa ya fito. Gwaggo ta gyara tabarau, ta karanta a fili, da muryar aji. Rabi ta gudu kicin tana tari.

Na ce, "Gwaggo, wataƙila na'urar ce..."

Ta ce, "Ɗan nan, na'urarka ta fi ka gaskiya. Fito da shi."

Rabinsa ya tafi Droum. Tun daga nan, duk kaka sai ta aiko mini da gero tiya guda, da saƙo: "A ba Maɓoyi ya adana."

Wanda ya shaida abin, in na yi kuskure, ya aiko mini da gyara. Amma a takarda, don Allah.