Gugan da Ya Kai Ni Lyon

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na ci ado da shadda mai maiƙo, na hau jirgin ƙasa daga Paris zuwa Lyon, don kawai in je in koya wa wata dattijuwa wasan da ita ce ta ƙirƙiro shi tun ban iya ɗaure wando ba. Har yau in abin ya faɗo mini a rai, ko a cikin metiro nake, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, sai in ji na yi tsaki da ƙarfi, mutane suna waigowa.

Bari in faro daga tushe. Akwai wani wasan tebur da muke bugawa duk Lahadi bayan la'asar a gidan Malam Isufu, a Saint-Denis. Malam mutumin Tawa ne, yana da shagon gyaran waya a Barbès, kuma shi ne babbanmu. Wasan na fatake ne: kowa da raƙumansa na katako, ka ɗora musu gishiri da dabino, ka ratsa sahara, wanda ya riga kowa kai kaya birni shi ya ci. Sunansa na Faransanci dogo ne, mu dai Ayari muke ce masa. Malam ya tsinto shi a kasuwar tsofaffin kaya, ya koya mana da baki. Shi ke farawa kullum (wa zai fara gaban babba?), sai na damansa, sai na gaba, daidai yadda kofin shayi ke zagayawa.

Irin waɗannan wasanni, in sun karɓu, masu su kan fito da wani ƙaramin kwali na ƙari, a haɗa shi da babban wasan ya ƙara armashi. Namu ƙarin na rijiya ne. A cikinsa akwai wani ɗan guga na katako, bai fi kan ɗan yatsa ba, kuma dokarsa gajera ce: wanda guga ke hannunsa ne kaɗai zai shayar da raƙumansa, in ya gama ya miƙa wa na hagunsa. In zagaye ya ƙare, guga ya koma wajen mai farawa.

To a teburinmu mutum biyu ne kawai ke ganin ruwa. Malam ya shayar, ya miƙa wa na hagunsa, shi kuma ya rungume guga yana murmushi har layi ya iso shi a ƙarshe. Mu na tsakiya sai kallo, raƙumanmu suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Kujerar hagun Malam ta zama abin rububi. Mahamat, wani ɗan Cadi da ke zaune a La Courneuve, tun azahar yake zuwa ya dasa kansa a kanta, wai ya zo gaida Malam ne. Ni kuwa layin metiro na sha uku ba ya taɓa kawo ni da wuri. Shekara da shekaru ina shan kaye, ni da na karanta lissafi har digiri na biyu. Abin yana ci mini rai ƙwarai, kuma na daɗe da yanke hukunci: ba ni ne ban iya ba, wasan ne aka haife shi da naƙasa.

Kwatsam sai labari ya ɓulla cewa wani ƙaramin kamfani a Lyon ya sayi tsohon wasan, yana kuma tambayar jama'a: a sake buga ƙananan kwalayen nan da suka ɓace daga kasuwa, ko a bar su? In za a buga, a buga su yadda suke, ko a gyara?

Ranar Lahadin nan ba a yi wasa ba, gardama aka yi har shayi ya huce. Malam yana ganin a buga amma kada a taɓa ko ɗigo, domin in aka fara gyara, a cewarsa, sai a wayi gari da wani wasa daban sanye da rigar tsohon, masu tsohon kwali su rasa abokan bugawa. Mahamat ya goyi bayansa da dukan ƙarfinsa (kun dai san dalili). Ni na miƙe tsaye. Na ce sake buga abu da aibinsa yaudara ce, an zuba tsohuwar cuta a sabon kwali ke nan. Na ce yaran yanzu ba su da haƙurinmu, in raƙuminsu ya mutu sau biyu za su tura kwalin ƙarƙashin gado su koma wayoyinsu. Na ce in kana son abu, ka gyara shi. Har yau ina ganin wannan magana tawa ba ta da laifi, mai maganar ne dai da sauransa.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne jimlar ƙarshe ta sanarwar. Za a yi zama a bikin wasanni na Lyon, mai wasan da kanta za ta halarta, kuma duk wanda ya kawo gyaran da aka karɓa, za a buga sunansa a cikin murfin sabon kwali. Sunana! A cikin kwalin da za a buɗe a gidajen da ban taɓa shiga ba! Na rasa inda zan sa kaina don zumuɗi. A wajen aiki ina kallon kwamfuta amma guga nake gani. Har Inna na kira a Damagaram na ce mata za a buga sunana a Faransa. Ta tambaye ni ko littafin ilimi ne, na ce kusan haka.

Mahamat ya ce zai raka ni, wai don ya kare mutuncin guga, ya kuma ɗauki alkawarin nuna wa ƴan majalisarmu komai kai tsaye ta waya. Na ji daɗin wannan shawara sosai. Ni da kaina na ba shi aron cajar tafiya, don kada wayarsa ta mutu a tsakiyar nasarata.

A Lyon, zauren bikin ya cika maƙil. Tebura ko'ina, tsofaffi da matasa sun duƙufa a kan kwalaye kamar masu tsintar shinkafa, ni kuwa ina ratsa su shaddata tana ƙara. An kafa tebur a kan dandamali, da kyamara a samansa, duk abin da aka yi a kai yana fitowa a wani makeken allo. Shugaban kamfanin ya buɗe zama, mai wasan tana gefensa, wata ƴar siririyar dattijuwa mai furfura da tabarau rataye a wuya. Mutane suka fara kawo ƙorafi: wannan ya ce launin katunan yana kama da juna, waccan ta ce rubutun ya yi ƙanƙanta. Ina jin su ina tausaya musu. A raina na ce, ku gama wasan yara, babbar magana tana tafe.

Da aka miƙo mini makirufo, na zaro Faransancin da nake ajiyewa don manyan ranaku. Na yaba wa Madam mai wasan, na yaba wa kamfani, sannan na sauke murya na ce ƙarin rijiya a karye yake tun ranar da aka haife shi, rabin masu wasa ba sa taɓa samun ruwa, kuma ni na zo da magani. Madam ta ɗora tabarau a hanci ta dube ni, ta ce tun da ta fitar da wasan ba wanda ya taɓa gaya mata haka, don Allah in hau in nuna. Aka tafa mini. Na hau dandamali ina jin kamar ba a ƙasa nake taka ba, na hango Mahamat ya ɗaga waya sama da hannu biyu.

Muka zauna mu huɗu. Madam a haguna, wani mai gemu daga cikin jama'a a damana, shugaban kamfani yana fuskantata. Na so Madam ta fara, don ita ce babba, ta ce a'a, ni ne baƙo. Na shayar da raƙumana cikin ƙasaita, na miƙa wa Madam guga, na juya wajen mai gemu na ce masa bisimilla, layinsa ne.

Mai gemu ya waiga bayansa, ko da wani nake. Na sake gaya masa. Da na ga ya yi sororo, sai na ɗauka ya gane masifar da yake ciki ne, na ɗaga murya ga jama'a na ce, "Kun gani ko? Layinsa ya zo, ba shi da ruwa!"

Madam ta taɓa hannuna a hankali, guga tsakanin yatsunta, ta ce, "Malam, ai ni ce zan yi yanzu."

Da a nan na yi shiru, da na tsira da rabin mutuncina. Amma ina. Na yi mata irin murmushin da ake yi wa wanda tsufa ya fara taɓawa, na ce cikin makirufo, "A'a Madam, ke ce ta ƙarshe."

Ta ajiye guga a kan tebur. Sannan ta tambaye ni, cikin wata murya mai taushi da har yau nake jin ta, wai a gidanmu ta wane gefe muke zagayawa. Na nuna dama. Ta ɗaga yatsa ta zana da'ira a kan tebur, ta bi hanyar da hannun agogo ke bi, wato hagu, babban allo kuma ya nuna wa kowa yatsan nan ya yi girman taɓarya. Ta shayar da raƙumanta, ta miƙa wa shugaban kamfani da ke hagunta. Ya shayar, ya miƙa wa mai gemu. Ya shayar, ya ajiye mini guga a gabana. Kowa ya sha, ba raƙumi ko ɗaya da ya yi ko tari. Guga da layi tare suke tafiya, mu ne muka raba su, muka tura ɗaya gabas ɗaya yamma.

Dariya ta faro daga baya ta taho gaba. Madam, don ta cece ni (Allah ya saka mata, ƙara nutsar da ni ta yi), ta tambayi tun yaushe muke bugawa haka. Na ce tun kafin in yi aure. Ta ce to me ya sa dama? Bakina ya riga hankalina, na ce saboda shayi. Sai da na tsaya a gaban ɗaruruwan mutane, cikin shadda, ina bayanin cewa a wajenmu kofi daga babba yake farawa ya bi dama, ba a tsallake na dama a ba na hagu. A daidai lokacin muryar Malam Isufu ta fito tar daga wayar Mahamat: "Kai, mi anka yi? Don mi suke dariya?"

Madam ta share hawayen dariya ta ce dokar zagayawa tana shafin farko na babban kwali, ba ta taɓa tunanin maimaita ta a ƙarin ba, don ta ɗauka duk duniya hagu ake bi. Shugaban kamfani ya ce wannan ne gyara na gaske na farko da aka samu ranar, za su zana kibiya. Aka sake tafawa. Ban san ko ni ake tafa wa ko kibiyar ba, na dai sauko ina tuntuɓe da bakin rigata.

A jirgin komawa Mahamat ya kafa wa taga ido har muka yi nisa. Na zaci tausayina yake ji. Can sai ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Wallahi ka kashe mini kasuwa. Duk cin da na yi ashe na kujera ne." Kafin mu iso Paris an riga an raɗa mini suna a majalisa, Na-Lyon, kuma har yanzu bai sake ni ba.

Lahadin da ta biyo baya na je a makare da gangan. Na tarar an kafa kwali, ana jirana da fuskoki irin na masu ta'aziyya. Na ce to yanzu sai mu koma bin hagu kamar kowa. Malam ya girgiza kai. "Ni ba ni tsallake damata, ko wa ya rubuta," in ji shi. "Gugan dai shi biyo mu." Tun daga ranar guga ma dama yake bi, tare da shayi, kowa yana shayar da raƙumansa, kujerar hagu ta koma kujera kawai.

Sabon kwali ya fito daga baya, kuma ya yi kyau, gaskiya. Sun gyara launin katuna, sun ƙara girman rubutu, ga wata jar kibiya ƙatuwa a tsakiyar rijiya wadda ko daga bakin ƙofa za ka hango. Na buɗe murfi, na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. Nawa ba ya ciki. A can ƙasa dai akwai layi ɗaya na godiya ga “malamin nan mai shayi”. In ka tambaye ni yau ko ya dace a farfaɗo da tsofaffin wasanni a gyara su, zan ce ƙwarai kuwa, amma kafin ka sayi tikitin zuwa gyara wa mutane abinsu, ka ɗan buɗe shafin farko.

Abin da ya fi yi mini ciwo ban ma faɗa ba tukuna. Yanzu ruwa ya wadata a teburinmu, ba wanda ake zalunta, ba wanda ya fi wani kujera. Kuma duk Lahadi, cikin ikon Allah, raƙumana ne ke shiga birni na ƙarshe.